Wuyan Randar Iya

Madina, farkon watan Rajab

Zuwa ga Yayana Idrisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Suhaila da yara, da fatan ciwon bayan nan ya sassauta maka. Mu nan lafiya lau, sai sanyin Madina da ka sani, wanda ke shiga ta gwiwar Gwaggo Kaltuma ya fito ta bakinta.

Tana kaina yanzu haka. Tun da na ɗauki biro take faɗa mini abin da zan rubuta. Ta ce in fara da tuna maka cewa ita ta goya ka, kuma ka taɓa jiƙa mata sabon zane ranar Idi ba ta yi ƙorafi ba. Na ce zan sa. Ga shi na sa.

Za ka yi mamakin takarda a wannan zamani. Na turo maka saƙon murya ya fi a ƙirga, kana buɗewa ka mayar mini da hoton tafin hannu biyu suna addu'a. Na gode da addu'ar. Da Hausa kuma nake rubutawa da gangan, domin Larabci kallo ɗaya kake yi masa ka wuce, amma Hausar boko da Baba ya koya mana sai ka nemo tabarau ka zauna. Na roƙi Suhaila ta ajiye maka ita kusa da farantin abincinka, inda na san ba ka saɓa alkawari.

Maganar maƙabartarmu ce ta Awali, wadda ke kusurwar gonar dabinon da kakanninmu suka yi wa aiki. Magadan mai gonar sun sayar, za a gina gidaje. Hukuma ta ce ba a taɓa maƙabarta, za a kewaye ta da katanga a sa ƙofa. Har nan babu abin zargi. An turo injiniya, mutum mai ladabi, ya zagaya ya kafa turaku a duk inda ya ga alamar kabari. Abin da ya faɗa cikin turakun maƙabarta ne. Abin da ya rage a waje, bisa taswirar da na gani, wurin ajiye motoci ne.

Kakarmu Iya Zenabu tana waje, Yaya. Ita da dukan layin mata.

Ka san yadda mutanenmu suka yi tun zuwansu. Ba a rubuta suna a kabari a garin nan, ba su kuma rubuta ba. Namiji sai a kafa masa baƙin dutse a kai da ƙafa, kamar kowa. Mace kuwa, tun da mata ba sa bin gawa, sai su fasa randarta ta ruwa a tsakar gida, su ba maza gutsattsarin su kafa mata a madadinsu. Kowace randa da ƙirarta, saboda haka kowa ya san tasa. Wannan shi ne dukan rajistar da muke da ita, kuma ta yi aiki tun zamanin da ake zuwa Hajji da ƙafa, har bara.

Bara, kafin azumi, ɗanka Fahad ya tara abokansa na otal ɗin da yake aiki, suka sa riguna masu ƙyalli, suka tafi aikin sa kai don neman lada. Sun cire ciyawa, sun kwashe leda da gwangwani, sun miƙe duwatsun maza da suka karkace. Sai suka ga wani gefe cike da fasassun tukwane. Fahad ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai, yadda mutane ba su da tsoron Allah, suna zubar da shara a kan matattu. Suka tsince su tas, suka zuba a buhu. Mun ci tuwo mun sa masa albarka a ranar, don babu wanda ya tambaye shi wace irin shara ce. Ban ga laifinsa sosai ba. Yaron da ake yi wa Hausa yana amsawa da Larabci, wani ne ya kamata ya zaunar da shi ya ba shi labari, kuma wanin, wato kai, yana can garin Yanbu.

Injiniya ya ce zai iya gusar da turakun in aka kawo maza biyu da suka halarci binnewa a wannan gefen, su tsaya su nuna. Waɗanda suka rage a raye biyu ne cif: Baffa Ƙasimu aminin Baba, da kai. Gwaggo ta ce kai ne ma ta miƙa wa wuyan randar uwarta, mai zanen igiya, kana ɗan yaro kana kuka, kuma kai ka kafa shi da hannunka.

Yanbu ba bayan duniya ba ce. In ka yi azahar a can, ka yi la'asar da mu. Ka zo.

Gwaggo na gaishe ka, ta ce in ƙara maganar zanen. Na ce sau ɗaya ya isa. Ka gaishe da Suhaila da yara.

Ƙanwarka,
Asma

*

Madina, tsakiyar Rajab

Yayana Idrisa,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, da fatan 'yarka Sundus ta warke daga murar da Suhaila ta ce tana fama da ita. Mu ma alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso. Na ji cewa matatar man da kake aiki tana gyaran shekara, ba a ba kowa hutu. Na kuma ji cewa ƙasar Madina duk albarka ce, duk inda mutum ya kwanta daidai ne. Na kunna wa Gwaggo. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in sake kunnawa, sannan ta ce ashe muryarka ta koma irin ta Baba. Daga nan ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta zage ka ma da ya fi mini sauƙi.

Ga abin da ya faru tun wancan lokaci. Mun je wurin Baffa Ƙasimu, wanda yanzu shi ne shugaban kwamitin maƙabarta, kwamitin da shi da surukinsa ne mambobi. Ya karɓe mu da gahawa da dabino, ya yi ta yabon Iya, yadda take dafa wa leburori fate, yadda ta haddace hanyar Sudan gari bayan gari. Da aka zo kan inda take kwance, sai ya ce ya tsufa, Allah ne masani, amma a ganinsa tana ciki. Ya ce duk mata suna ciki. Haka ya faɗa wa injiniya, aka rubuta.

Ban ce ƙarya yake yi ba. Na dai lura cewa mutumin da ya yi rayuwarsa yana wakilin gidan masu gonar, wanda suka aurar masa da 'ya'ya, mantuwarsa ta san iyakar fili. Ta tsaya daidai inda ba za a rage wa magada ko taku ɗaya ba.

Na ce to a bar ni in shiga da kaina in duba ƙasar, don kabari ko ya baje yana barin alama. Baffa ya dube ni kamar na nemi limancin Juma'a. Ya ce, 'yata, mata ba sa shiga maƙabarta, ko da digiri. Ka duba abin dariya. Na yi shekaru ina karanta rubutun Turkawa a jikin gine-ginen unguwar Anbariyya, na san sunan wanda ya gyara famfon alwala a zamanin da ba mu da ko kaka a nan, ina koya wa 'yan mata tarihi kullum safiya. Amma tarihin da ya shafe ni, ta saman tsohon garun maƙabartar nake leƙensa, a kan bokitin da na kifa.

Sai na tuna cewa matasan zamani ba sa yin alheri sai da hoto. Na sa Fahad ya nemo duk hotunan da suka ɗauka kafin su fara shara. Suna da yawa, masha Allah. A kowane ɗaya samari ne jere, hannu a kafaɗar juna, haƙora a waje, sun tsaya daidai gaban layin mata sun rufe shi ruf. A hoto ɗaya ana ganin ɗan gutsuren tukunya kusa da takalmin wani Suhaib. Injiniya ya faɗaɗa hoton da yatsu, ya duba da kyau, ya ce takalmin ya fito sosai.

Abu ɗaya ya yi daɗi. Motar shara ba ta shiga gonar, saboda haka buhunan suna nan bayan ɗakin injin ban ruwa. Fahad ya kwaso su da kansa, bai iya haɗa ido da kowa ba. Gwaggo ta sa aka shimfiɗa tabarma a falo, aka juye. Yaya, da ka ga abin. Ta zauna tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna kamar mai raba goron biki. Wannan ta Hajja Falmata ce, mai baƙin gindi, don kusa da murhu take ajiye ta. Wannan jar ta Inna Hawwa 'yar Damagaram ce, wadda ba ta ba kowa aron moɗa. Can ƙasa ta sami wuyan randar Iya, zanen igiyar yana nan kamar jiya aka danna shi. Ta goge shi da gefen mayafi, ta ɗora a cinya, ta ce wa Fahad ya daina tsayuwa kamar wanda aka kama, ya kawo mata shayi.

Yanzu muna da sunayen duka, ba mu da wuraren. Gwaggo ta ce ranar binnewar ta hau bakin tafkin ban ruwa ta hango ku, tsakanin dabinon nan mai karkata da magudanar ruwa. Injiniya ya saurare ta da girmamawa, ya kira ta Khala, wato inna da Larabci, ya ce hange daga nesa ba ya cikin abin da aka ba shi izinin karɓa. Ba laifinsa ba ne. Shi ma takarda aka ba shi.

Ba a buƙatar ka tuna komai da komai. Ka tsaya a wurin kawai, ƙafarka za ta tuna. In matatar za ta fashe don ka yi yini ɗaya ba ka nan, to ka faɗa musu su ƙara maka albashi.

Gaisuwa ga mutan gida.

Ƙanwarka,
Asma

*

Madina, ƙarshen Rajab

Yaya,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Muna lafiya.

Na ga saƙonka cewa in sha Allahu bayan azumi. Ranar Lahadi za a fara haƙa harsashin katanga. Na tabbata katangar za ta yi farin cikin ganinka bayan azumi.

Ba roƙo na zo yi ba wannan karon. Jiya Baffa ya aiko a faɗa mana mu yi haƙuri, mu daina tayar da magana, wancan gefen ba maƙabarta ba ne, fili ne kawai. Ɗan aiken ya maimaita har sau biyu don kada mu manta. Na kwana ina juya maganar, da safe na kai wa Gwaggo ita tare da kokonta. Sai ta tambaye ni ko motata na da mai.

Na sayi kujerun naɗewa biyu. In ka ji an ce ƙanwarka ta zubar da mutuncin gida, gaskiya ne, kada ka wahalar da kanka wajen kare ni.

A gaida Suhaila.

Asma

*

Madina, watan Shawwal

Zuwa ga Yayana Idrisa,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibadunmu Ya maimaita mana. Ina fata kai da iyali kun yi Sallah lafiya. Turaren da ka aiko wa Gwaggo ya iso, ta ce a gode maka, ta ba mai wanki.

Na san ka ji labarin ranar Lahadin nan daga bakuna da yawa, kuma a wasu har an ce na kama injiniya da kokawa. Bari ka ji daga wadda ta tuƙa motar.

Mun fita bayan asuba. A hanya Gwaggo ta ce ta roƙi uwarta gafara tun daren jiya, in har ƙafarta ta sauka inda bai kamata ba. Mun shiga ta ƙofar gona, ba ta ƙofar maƙabarta ba. Ma'aikata sun riga sun iso da motar haƙa, injiniya na shan shayi a kofin takarda, Baffa na tsaye da sandarsa wajen turakun a matsayin wakilin al'umma. Na buɗe kujerun a gindin dabino mai karkata, a wajen igiyar da aka ja. Na zuba shayi. Na miƙa wa direban motar haƙa ma, ya karɓa.

Baffa ya taho da sauri irin wanda ban san yana da shi ba. Ya yi ƙasa da murya ya ce da Hausa, Asma, ɗauki gwaggonki ku tafi gida, wannan ba wurin mata ba ne. Na amsa masa da Larabci, da muryar da nake koyarwa da ita a aji mai hayaniya, don injiniya ya ji. Na ce Baffa, ai kai ka shaida cewa nan fili ne kawai, wurin ajiye motoci, kuma ban taɓa jin an hana mata wurin ajiye motoci ba, yanzu ma har tuƙi muke yi. Injiniya ya sunkuyar da kai cikin kofinsa.

Ni a nawa shirin, iyakar abin ke nan: mu zauna, mu hana su sakat, har wani ya gaji. Gwaggo tana da nata shirin da ba ta faɗa mini ba. Ta tashi, ta cire takalmanta ta ajiye gefe ɗaya, ta kama sanda ta nufi magudanar ruwa. A hankali take tafiya, tana kallon ƙasa, kamar mai shiga ɗakin da jariri ke barci. Baffa yana bin ƙafafunta da ido, ina ganin leɓensa na motsi. Ta yi gaba kaɗan, ta karkata dama, ta ɗaga ƙafa.

Ya ce, "Kaltuma, kada ki taka. Uwarki ce nan."

Bai ɗaga murya ba, amma babu wanda bai ji ba. Ta mayar da ƙafar baya. Ta tsaya a inda take, ta yi sallama, ta ce, "Iya, ni ce." Ban ji sauran ba, don na juya na shiga tattara kofuna, aikin da ba ya buƙatar gani sosai.

Injiniya bai san Hausa ba, amma ya tambaye ni me dattijon ya ce. Na ce ya tambaye shi da kansa. Baffa ya dube shi, ya dubi motar haƙa, ya share fuska da gefen rawaninsa. Daga nan kamar an buɗe magudana. Ya bi layin da sandarsa yana nunawa: nan Falmata, nan Hawwa, nan matar Adam mai rijiya da jaririnta. Mantuwar ta warke gaba ɗaya. Yana yi yana faɗa da mu, wai mun sa shi abin kunya gaban baƙi, wai Baba da yana raye da ba mu isa ba. Gwaggo ta ce masa da yana raye da shi zai riƙe mata takalmi.

An tsayar da aiki a ranar. Sauran ka sani: aka turo wasu suka duba ƙasar, aka gusar da turakun har bakin magudana. Sa hannunka da ka ɗauka a hoto ka turo, cewa kai ma ka tuna, ya iso bayan an gama zuba harsashi. An sa shi cikin fayil. An gode.

Gwaggo ta zauna wajen uwarta har rana ta take a ranar, babu wanda ya iya ce mata ta tashi, don a takarda wurin bai zama maƙabarta ba tukuna. Ta ba ta labarin duk wanda aka haifa da duk wanda ya rasu. Ta ba ta labarinka ma. Ban san me ta ce ba, amma ta daɗe a kai.

Jiya aka gama katanga. Fara ce, doguwa, ta fi tsohon garun nesa ba kusa ba, bokiti ba zai ƙara yi mini amfani ba. Muka kai buhunan, kowane gutsure na ɗaure a ƙyalle da sunan mai shi. Baffa da Fahad suka shiga, mu muka tsaya a bakin ƙofa, inda ya kamata. Baffa na nuna wuri, Fahad na durƙusawa yana kafawa. Wuyan randar Iya shi ne na ƙarshe. Gwaggo ta riƙe shi har sai da Fahad ya dawo ya tsaya gabanta, sannan ta miƙa masa da hannu biyu. Ya ce mata "To, Gwaggo" da Hausa. Daga inda muke ba a hango layin mata, dabino ya tare.

A wurin na gane abin da muka ci. Mun shigar da Iya ciki, kuma ciki shi ne inda Gwaggo ba za ta ƙara zuwa ba. Na faɗa mata haka, da ɗacin da ka san ni da shi. Ta ce ita tun tana budurwa take jira, ta sami safiya guda, ba ta zaci za ta samu ba. Ta ce in daina ɓata fuska, ina tsufa da wuri.

Da suka fito, Baffa ya ja ƙofar ƙarfen ta rufe, ya sa kwaɗo. Mukulli biyu ne. Ya sa ɗaya a aljihu, ya tsallake hannuna da ke kusa, ya miƙa wa Fahad ɗayan, ya ce na babansa ne, shi ne babban namiji a gidan. Fahad ya ba ni a mota. Shi ne abin da ka ji yana motsi a cikin ambulan ɗin nan. Yana buɗewa ta dama, sai an ɗan ɗaga ƙofar. Layin mata yana hannun hagu bayan dabino mai karkata, yanzu ba za ka ɓata ba.

Gwaggo ta dafa ƙofar da tafin hannu, ta yi sallama, ta juya ta ce in tayar da mota, rana ta yi. Muka tafi.

Ka gaishe da Suhaila da yara. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu zuwan.

Ƙanwarka,
Asma